Ƙafar da Farfesa Ya Zana

Shekara ashirin da biyu na yi ina miƙa wa likitoci wuƙa a ɗakin tiyatar ƙashi, kuma sau ɗaya tak aka buɗe mini tafin hannu na ƙi ɗora ta a kai. Hannun shugaban sashenmu ne, wanda a gabansa muke ce wa Farfesa, a bayan idonsa kuma Ni-Na-Fara.

Ba mu muka laƙa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa. Duk aikin da aka ambata, ko dashen ƙugu ne ko cire farce, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ai ni na fara yin sa a asibitin nan." Mai sharar ofishinsa ta rantse ta taɓa jin yana gaya wa masu gyaran famfo cewa shi ya fara kawo shawarar a ja ruwa zuwa hawa na biyu. Dogo ne, mai tumbi, mai wanka da turare. Idan ya bi ta baranda, sai a yi awa guda ana sanin ya wuce. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a shekarun farko na ga ɗan abin da ya rage na gwanintarsa. Daga baya hannun ya yi ritaya, ya bar bakin yana zuwa aiki.

Wadda take ɗauke da sashen a kanta wata likita ce da muke kira Gajeriya. Gadon tiyata ya yi mata tsawo ko an sauke shi ƙasa, don haka kafintan asibiti ya ƙera mata wani ɗan benci da take takawa. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta jifa da kayan aiki idan ranta ya ɓaci. Ita ke yin aikin, Farfesa ke zuwa taro ya ba da labarinsa. Kura da shan bugu, gardi da shan tafi.

Majiyyacin da abin ya faru a kansa direban bas ne, magidanci mai fara'a. Wata safiya babbar mota ta taka birki a gabansa ba zato, ƙwaurinsa na hagu ya daki ƙarfen da ke ƙarƙashin sitiyari. Sai da ya yi mako biyu yana ɗingishi yana shafa man zafi kafin matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Lokacin da ya iso hannunmu kumburin ya saɓe, amma in ya taka sai ya ji ƙafar tana neman zamewa daga ƙarƙashinsa.

Ana jibi aikin na shiga ɗakin maza don in duba takardunsa, na tarar Gajeriya tana yi masa bayani shi da matarsa, hoton ƙashin a hannunta.

"A cikin gwiwa, ta can baya, akwai wata jijiya mai ƙarfi kamar igiya," in ji ta. "Ita ke hana ƙwauri zamewa baya. Taka ba ta tsinke ba, sai dai ta fizgo ɗan ƙashin da take manne da shi. Ga shi nan, bai fi farcen babban yatsa ba. Za mu mayar da shi mazauninsa mu danne da ƙusa."

Matar direban, wata siririya mai ido a tsaye, tela ce, ta matso ta leƙa hoton. "To likita, ta ina za ku shiga?"

"Ta baya. Ruf da ciki za mu kwantar da shi."

"Me ya hana ta gaba, inda ya bugu?"

"Ta gaba ƙashi ya tare hanya. Ta baya kusa ne, sai dai unguwar manya ce. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa ta nan ta bi, haka ma wadda ke motsa yatsu. Shi ya sa ba na bi ta tsakiya, ta gefe nake raɓawa."

Direban ya yi dariya ya ce, "Wato kina kauce wa babban titi saboda cunkoso."

"Ka gane ke nan."

Ta zaro alƙalami ta zana kibiya a gaban ƙwaurinsa na hagu, tana nuna gwiwar, ta sa shi ya karanta takardar amincewa ya sa hannu. A takardar an rubuta hagu, ɓaro-ɓaro, har wuri biyu.

Washegari aka sanar da mu cewa wasu baƙi za su zo daga hukumar da ke duba asibitocin koyarwa, su huɗu da mai ɗaukar hoto, kuma suna son ganin tiyata. Farfesa ya sa aka kawo masa jerin ayyukan makon. Ya tsallake karayar cinya, ya tsallake ta hannu, ya dire yatsa a kan sunan direban.

"Shiga gwiwa ta baya. Ba kowa ke iya shi ba. Ni na fara yin sa a nan."

Ni dai a shekara ashirin da biyun da na yi a wurin ban taɓa ganin ya juya majiyyaci ruf da ciki don gwiwa ba. Na kalli Gajeriya, ta kalli ƙasa.

"Ke za ki riƙe mini ƙarfe," ya ce mata. "Za ki ƙaru."

"To, yallaɓai."

Da yamma ya je ganin majiyyacin nasa. Ina nan tsaye. Ya tsaya daga ƙafar gado, direban yana kwance rigingine, ya ɗan bubbuga gwiwar da ke damarsa, wadda ita ce ta hagun direban, ya ce, "Kada ka damu, malam makaniki, ka faɗo hannu nagari." Bai cika rabin minti ba ya fita. Turarensa ya fi shi daɗewa a ɗakin.

Ranar aikin, da ƙarfe tara, mai ba da maganin barci ya sa direban ya yi barci, muka taru muka juya shi ruf da ciki, muka tallafe ƙirji da ƙugu da matasai. Kibiyar Gajeriya ta koma ƙasa, ta kifu a kan katifa. Daga baya kuwa ƙafafun biyu ba su da maraba: ba kumburi, ba ƙwarzane, sai gashi da kaushin diddige. Na juya wajen teburina ina ƙirga hantsaki da auduga. Gajeriya kuma Farfesa ya aike ta ofishinsa ta ɗauko masa wasu takardu da yake son raba wa baƙi, kamar babu masinja a ginin.

Sai ga shi ya shigo da baƙin, an sa musu riguna da huluna da takunkumi, sun jeru jikin bango kamar masu jiran a ɗauke su hoton makaranta. Ya tsaya daga ƙafar gado kamar jiya. Ya karɓi alƙalami. Ina jin muryarsa a bayana, ta cika ɗakin.

"Ku lura da kyau. Layi ɗaya a kwance, bisa lanƙwasar gwiwa. Sai ya karya ya gangara ta gefen ciki. Wannan zanen, ƙananan likitoci sai su yi shekara ba su iya shi ba."

Likitoci biyu masu neman ƙwarewa suka bi bayan zanensa kamar tumaki. Suka ɗaura abin tsayar da jini a cinyar, suka wanke ƙafar da aidin, suka lulluɓe sauran jikin da korayen zannuwa, ya rage fili ɗaya kawai a buɗe. Shi kuma ya je ya wanke hannu, na sa masa riga da safar hannu, yana ta magana ta saman kaina. Gajeriya ta dawo da takardun, ta wanke hannu a gurguje, ta shigo a daidai lokacin da na turo teburina kusa da gado.

Farfesa ya juya gefen da kyamara za ta fi kama shi, ya buɗe tafin hannu.

"Wuƙa."

Na ɗauko ta. Kafin in miƙa na kalli filin da aka bari, na kalli inda kan direban yake, sai na ga kamar ba daidai ba. Na ce ko ni ce na ruɗe. A zuciyata na kwanta kamar yadda ya kwanta, fuska a ƙasa, kai wajen mai maganin barci, na motsa ƙafata ta hagu a cikin takalmi. Ba ita ce a buɗe ba. Mutumin da ke kallonka, hagunsa na damarka. Wanda ya juya maka baya, hagunsa na hagunka. Yaron da ya taɓa tsayawa a layi ya san wannan. Farfesa, da ya yi shekara talatin yana kallon majiyyata ta fuska, ya nufi damarsa kamar yadda ya saba, ya zana lafiyayyar ƙafa.

"Sista, wuƙa."

"Ranka ya daɗe, wace ƙafa ce?"

"Wadda take gabanki."

"Takarda ta ce hagu. Wannan dama ce."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin duban da ake yi wa ƙuda a cikin shayi.

"Tun kina firamare nake yanka gwiwa. Miƙo mini wuƙa."

Ina da 'ya'ya uku a makaranta, kuma na san abin da ya yi wa waɗanda suka yi masa abin da bai kai wannan ba. Amma na mayar da wuƙar cikin tasa, na ja teburin baya taku ɗaya.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. A duba tukuna."

Gajeriya ta zagaya ɗaya ɓangaren, ta yaye zanen, ta tura hannu ƙarƙashin ɗaya ƙwaurin ta ɗaga shi ta ɗan murɗa. Ga kibiya nan shuɗiya, tana kallon kowa. Mai maganin barci ya leƙo daga bayan labulensa, ya buɗe takarda ya karanta da ƙarfi, "Hagu," ya koma ya zauna. Ɗaya daga cikin baƙin, wata dattijuwa, ta rubuta wani abu a littafinta.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Farfesa ya fashe da dariya, ya juya wajen baƙin yana tafa safar hannunsa.

"Kun gani? Haka nake gwada ma'aikatana. Lokaci-lokaci nakan ɗana musu tarko in ga ko idonsu biyu. Ni na fara wannan tsarin a nan." Ya nuna likitocin nan biyu. "Ku kun faɗi."

Suka sunkuyar da kai suka ce, "Mun gode, yallaɓai." Daga baya ɗayansu ya gaya mini wai ya lura tun farko, amma ya ɗauka akwai wata hikima da bai kai ga karantawa ba. Allah ya kiyashe mu da irin wannan ladabi.

Sai da aka kwance komai, aka sake ɗauri, aka sake wanki, aka sake lulluɓi. Minti arba'in direban yana kwance a banza yana shan maganin barci. Da aka gama, Gajeriya ta zana layin a ƙafar hagu da hannunta. Farfesa ya buɗe tafin hannu, bai kalle ni ba, na ɗora masa wuƙar.

Fatar ya yanka lafiya, wannan kam ko mahauci zai iya. Da ya shiga ciki sai magana ta fara raguwa. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya sa almakashi yana tono, yana karkata zuwa tsakiya, inda kitse ya rufe jijiyoyin nan da Gajeriya ta kira unguwar manya. Ina ganin bakin almakashin yana ɗan kaɗawa. Idan ya huda babbar jijiyar jini a wurin, ba gwiwa za a yi ta ceto ba, ƙafar ce gaba ɗaya.

Gajeriya ta sa yatsa ɗaya ta tare bakin almakashin, a hankali, kamar mai kare yaro daga murhu.

"Yallaɓai, ko ta gefen ciki za mu bi, kamar yadda ka koya mana?"

Bai taɓa koya wa kowa ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ya ja da baya, ya gyara murya.

"Madalla. Bari in ba ƙaramata dama ta nuna muku abin da na koya mata. Shugaba nagari ba ya riƙe komai shi kaɗai."

Na tura mata bencinta da ƙafa, ta hau.

Na sha ganin aikinta, amma ranar na fi jin daɗinsa. Ta ajiye almakashi, ta sa yatsa ta lalubo tsagin da ke tsakanin tsokar sha-raɓa da jijiyar da ta sauko daga cinya, ta buɗa shi ba tare da ta yanka komai ba. Ta sa ƙarfe mai lanƙwasa ta ja tsokar zuwa waje, tsokar ta tafi da manyan jijiyoyin a bayanta kamar labule, ta kare su. Ta miƙa wa Farfesa ƙarfen.

"A riƙe mini nan, yallaɓai. Kada a saki."

Ya riƙe. Ƙasan ramin ga bayan gwiwa nan fes. Ta tsaga rufin gaɓar, ta samo ɗan ƙashin yana lilo a bakin jijiyarsa, ta share gurbinsa, ta mayar da shi, ta huda, ta ɗaura ƙusa. Ta lanƙwasa gwiwar ta tura ƙwaurin baya, ya tsaya cak. Aka saki ɗaurin cinya, ƙafar ta yi ja, na taɓa bayan idon sawu na ji jini yana bugawa. Duk wannan lokacin Farfesa yana riƙe da ƙarfe yana ba baƙi labarin wani taro da ya halarta a ƙasar waje, inda wai aka miƙe tsaye ana yi masa tafi.

Bayan kwana uku na sami takardar tuhuma. Laifina shi ne yi wa shugaba gardama a gaban baƙi da kawo jinkiri a tiyata. Na rubuta amsa layi huɗu, na faɗi abin da ya faru. Ba a sake ta da maganar ba, sai dai a ƙarshen mako aka mayar da ni ɗakin wankin ciwo, can ƙasa kusa da wurin karɓar kati, wai don a ba ni damar hutawa. A ranar kuma aka liƙa sanarwa a kowane allo: daga yau, duk wanda za a yi wa aiki ruf da ciki, a yi masa alama gaba da baya, kuma a karanta takarda da ƙarfi bayan an juya shi. Ƙa'ida ce mai kyau. An sa mata suna Tsarin Farfesa. Hoton bidiyon da aka ɗauka kuwa, da aka nuna shi a taron sashe, daga lulluɓi na biyu ya fara, kuma duk inda hannun Gajeriya ya fito, muryarsa ce a kai.

Da na gaya wa maigidana, sai ya ce, "Da kin miƙa masa fa?"

"Da yanzu ina wurin aikina, direba kuma yana da gwiwa biyu marasa lafiya."

"To ki wanke ciwon. Ai shi ma aiki ne."

Mako biyu bayan aikin direban ya zo cire zare, a kan sanduna, matarsa na riƙe da jakar takardu. Ba su san ni ce ta cikin ɗakin tiyata ba, takunkumi ya rufe ni ranar, su dai sun tuna fuskata daga ɗakin maza. Na kwantar da shi ruf da ciki, na buɗe ciwon, ya kame tsaf. Ina cikin cire zaren matar ta ce, "Sista, in tambaye ki mana."

"Ina jin ki."

"Ranar da aka fito da shi ina goge masa jiki, na ga an yi zane a bayan ɗaya gwiwar, irin wannan sak, har da ruwan aidin. Ni tela ce. Ba na zana alli a yadin da ba zan yanka ba."

Direban ya ce, "Ke dai da bin diddigi. Tunda na warke ai shi ke nan."

"Kai barci kake yi, ba ka da ta cewa."

Na ajiye hantsaki na ce, "Ƙanwata, wanda ya yi zanen yana hawa na biyu, ƙofa ta uku. Shi ya kamata ya ba ki amsa."

Ta bar mijin a wurina ta hau. Ba ta yi minti goma ba ta dawo, ta zauna a kan benci tana gyara ɗankwali.

"Me ya ce?" in ji mijin.

"Wai awo ne. Wai sai an auna lafiyayyar kafin a taɓa marar lafiyar, kuma shi ya fara yin haka a asibitin nan." Ta taɓe baki. "Shekara goma sha tara ina auren direba. Na san fuskar wanda ya ɓata hanya yana cewa yanke ya yi."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Wa ya tare shi?"

Na ci gaba da naɗa bandeji. Ta kalli ɗakin, ta kalli bokitin tsohuwar auduga da layin masu gyambo a ƙofa, ta sake kallona.

"Da can ba a nan kike ba."

"Ba a nan nake ba."

Da za su tafi ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Mijin yana ta tambayar me ake ciki, ta ce ya ɗauki sandunansa, za ta gaya masa a gida. Na ji ta rubuta ƙorafi ta kai ofishin shugaban asibiti. An karɓa, an buga hatimi, an ce za a kafa kwamiti. Shugaban kwamitin abokin karatun Farfesa ne.

Bayan wata biyar direban ya koma bakin aiki. Na taɓa shiga bas ɗinsa, na ga yadda yake taka kulocin da ƙafar nan ba ko yamutsa fuska. Gajeriya ta ƙara shekara ɗaya a wurinmu, sannan wani asibiti a ƙetaren gari ya neme ta ta shugabanci sashen ƙashi. Ta tafi da bencinta a bayan mota. Bayan tafiyarta aka daina shiga gwiwa ta baya a wurinmu, duk wanda ya zo da irin ciwon sai a tura shi can, wai gadajenmu sun cika. Wata biyu da tafiyarta ta kira ni ta ce tana neman mai miƙa mata wuƙa, in ina so.

Takardar barin aiki sai shugaban sashe ya sa hannu, don haka na hau hawa na biyu. Yana waya, ya yi mini alama in ajiye. Da ya gama ya ja takardar, ya karanta sunan, ya ɗago ya dube ni. Bai taɓa lura da fuskata in babu takunkumi ba.

"Ke a wane ɓangare kike?"

"Ɗakin wankin ciwo, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce. Ya sa hannu, ya miƙo mini, ya sake ɗaukar waya.